Yadda Malamin Makaranta Ya Zama Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo A Zariya: Darasi Ga Mai Son Aikin Jarida

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya da manhajoji a gefe, mu shiga birnin Zariya mu ɗebo tarihi. Kada ka ce ina ruwan waya da tarihi. Ka dai daure ka karanta zuwa ƙarshe, za ka ga inda suka haɗu.

Sau da yawa za ka ji matashi yana cewa burinsa ya zama ɗan jarida. In ka tambaye shi me ya rubuta zuwa yanzu, sai ya ce ai bai samu gurbin karatu ba tukuna, ko kuma ya gama karatun amma ba a ɗauke shi aiki ba. Wato jira yake a ba shi kujera da katin shaida kafin ya fara rubutu. To in kana cikin masu wannan jiran, tarihin Zariya yana da magana da kai. Mutanen da suka assasa aikin jarida da harshen Hausa ba ta nan suka bi ba. Rubutu suka fara yi, suka fitar da shi inda idon jama'a zai gani, daga baya aikin ya zo ya same su har gida.

KAFIN A SAN JARIDA A BIRNI

Ka ɗauka kana cikin birnin Zazzau shekara ɗari da suka wuce. Ganuwa ta kewaye gari, shiga da fita sai ta ƙofa: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Tukur-Tukur da sauransu. Labarin waje fatake ne ke shigo da shi, da alhazai masu dawowa, da almajirai masu yawon neman ilimi. Da ya shigo sai ya bi kasuwa, ya bi zauruka, ya bi harabar masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu. In kuwa umarni ne daga fada, mai shela ne zai zaga ya faɗa wa jama'a.

Rubutu kam ana yin sa. Unguwanni irin su Juma da Kona sun daɗe da yin suna wajen malanta, ana rubutu da Larabci, ana yi da ajami. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, daga baya Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, shi kansa marubucin waƙoƙi ne da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen yaɗawa. Abin da malami ya rubuta, sai ɗalibi ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kafin rubutu ya fita daga wannan unguwa ya isa waccan, an ɗauki kwanaki.

A Kudu kuwa tuni injin ɗab'i ya yi nisa. Tun 1859 aka fara buga jaridar Iwe Irohin da Yarbanci a Abekuta. Arewa ba ta ga tata ba sai a 1932, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta fara fitar da Jaridar Nijeriya Ta Arewa cikin harsuna uku: Hausa, Larabci da Turanci. Sau huɗu take fitowa a shekara, ana sayar da ita sisi, kuma mafi yawan abin da ke ciki sanarwar gwamnati ce. Ka ga wannan ba jaridar da talaka zai nema ba ce.

GASAR 1933: MALAMAI SUKA GWADA ALƘALAMINSU

A 1929 gwamnati ta kafa Hukumar Fassara domin samar wa makarantun boko littattafan karatu. A farkon shekarun 1930 aka dawo da ita Zariya, ƙarƙashin wani Baturen ilimi mai suna Rupert East. Da tafiya ta yi tafiya sai East ya lura cewa fassara kaɗai ba za ta wadatar ba. Yara suna koyon karatun boko, amma in sun iya, babu abin da za su karanta don jin daɗi. Saboda haka a 1933 aka sauya wa hukumar suna zuwa Hukumar Talifi, aka kuma sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa.

Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙurin, kuma na san ka taɓa jin sunan wasu a makaranta: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East.

Abin lura a nan: yawancinsu sana'arsu ba rubutu ba ce. Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi. Bello Kagara ma koyarwa yake yi. Kowa da aikinsa na cin abinci, rubutun a lokacin hutunsu suka yi shi. Babu wanda ya yi musu alkawarin aiki.

Shi Imam an haife shi a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1927 zuwa 1932. Ke nan lokacin da ya aika da Ruwan Bagaja Zariya, shekarunsa 22 kacal. Ka tsaya ka kwatanta da naka shekarun.

Kuma kada ka zaci rubutun yana isa aka buga shi yadda yake. East ya bi shi da gyara, suka yi ta musayar wasiƙu tsakanin Zariya da Katsina, har da nuna masa wuraren da ya jingina da labaran wasu littattafai fiye da kima. Imam bai yi zuciya ya ce an raina masa ƙoƙari ba. Ya karɓi gyara. Wannan halin ne ya sa a 1936 aka nemi aronsa daga Katsina, ya zo Zariya ya zauna wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Da ya gama ya koma ajinsa ya ci gaba da riƙe alli.

JANAIRU 1939

A 1938 duniya ta ɗauki zafi. Hitila yana ta barazana a Turai, yana neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata a Afirka bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai jita-jita ta bazu a ƙasar nan cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamusawa. Ka san halin jita-jita, ba ta buƙatar mota. A Legas kuma Nnamdi Azikiwe ya riga ya kafa jaridar West African Pilot tun 1937, tana caccakar mulkin mallaka, kuma tana hawowa Arewa ta jirgin ƙasa. Gwamnati ta ga lallai tana buƙatar jaridar da za ta yi magana da mutanen Arewa da harshensu.

Haka aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a watan Janairu 1939, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru. Kuɗinta kwabo ɗaya, wato kashi ɗaya cikin shida na kuɗin waccan ta 1932. Sunan ma talla ne a kan kansa: abin da za ka samu a ciki ya fi kwabon da ka biya. Da farko wata-wata take fitowa.

To wa za a ba edita? A lokacin babu makarantar koyon aikin jarida ko ɗaya a Nijeriya. Sai a 1961 aka fara koyar da shi a matakin jami'a, a Nsukka. Babu wanda za a ce ya kawo takardar shaida. Abin da East yake da shi a hannu shi ne rubutun mutane: wane ne ya iya jan hankalin mai karatu, wane ne yake gama aiki a kan lokaci, wane ne yake karɓar gyara. Da aka duba, sai aka sake aikawa Katsina. Malam Abubakar Imam ya ajiye alli, ya dawo Zariya, ya zama editan Hausa na farko na jaridar, ya riƙe ta har 1951.

Ka ga abin da ya faru ko? Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce su ne takardar neman aikinsa, alhali lokacin da yake rubuta su jaridar ma ba ta wanzu ba.

Kuma dabarun da ya koya a rubutun labari su ya kwaso ya zuba a jarida. Yana rubutu kamar yana hira da kai a zaure, da karin magana, da misali, da ɗan barkwanci. Wannan ya yi daidai da yadda ake karanta jarida a wancan zamani, domin masu iya boko ba su da yawa. Mutum ɗaya ne zai saya, ya zauna a ƙofar gida ko a rumfar kasuwa ya karanta da ƙarfi, jama'a su kewaye shi suna saurare. Rubutun da bai yi daɗi a kunne ba, ba zai kai ko'ina ba.

ƊAN BIRNI DA MASU AIKO DA WASIƘA

Ba Imam kaɗai ba ne. Daga cikin birnin Zazzau akwai Malam Nuhu Bamalli, ɗan gidan sarautar Mallawa, wanda aka haifa a 1917. Ya shiga Hukumar Talifi yana saurayi a matsayin mai fassara, aikin da ba a ganin sunan mai yin sa a bango. Daga nan ya goge ya zama marubuci, ya rubuta Mungo Park Mabuɗin Kwara da Bala Da Babiya. Daga teburin rubutu ya shiga siyasa, har ya zama Ministan Harkokin Waje na Nijeriya a ƙarshen Jamhuriya ta Farko, ya kuma riƙe sarautar Magajin Garin Zazzau. Kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Kaduna da ke Zariya sunansa take amsawa, kuma ɗansa, Ahmed Nuhu Bamalli, shi ne ya zama Sarkin Zazzau a 2020.

Sai kuma wani rukunin da ba a cika tunawa da su ba: masu aiko da wasiƙa. Malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan En'e, ma'aikatan asibiti, kowa daga garinsu zai zauna ya rubuta abin da ke damunsa, ya sa a ambulan, ya manna kan sarki, ya jefa a gidan waya zuwa Zariya. Sai ya jira makonni. Wataƙila a buga, wataƙila a datse rabi, wataƙila ma shiru. Filin wasiƙun nan shi ne makarantar jarida ta farko da 'yan Arewa suka samu. A nan mutum yake koyon yadda zai faɗi magana mai nauyi cikin layi kaɗan, da yadda zai soki abu ba tare da ya zagi mutum ba.

Amma fa ƙofar tana da mai gadi. Gaskiya Ta Fi Kwabo jaridar gwamnati ce, akwai iyakar da ba ta tsallakewa. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya zauna a Zariya wajen 1939 zuwa farkon shekarun 1940 yana koyarwa a makarantar ma'aikatan lafiya, ya tara 'yan boko suna zaman tattauna al'amuran ƙasa, ra'ayinsa ya fi ƙarfin abin da jaridar gwamnati za ta ɗauka. Haka Malam Aminu Kano. Irin waɗannan sai suka riƙa aika rubutunsu ga jaridun Azikiwe. Da aka dawo da Daily Comet Kano a 1949, kuma aka kafa NEPU a 1950, sai masu wannan ra'ayi suka samu inda za su riƙa sauke kayansu. Ba su ce tunda an rufe ƙofa ɗaya sun daina rubutu ba. Wata suka nema.

NAUYIN ALƘALAMI

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka gayyaci editoci takwas daga Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Imam yana ciki, Azikiwe yana ciki. Malamin da shekara biyar baya yake koyar da yara a Katsina, ga shi a Landan yana wakiltar Arewa. A can ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya zayyana masa matsalolin da ke damun jama'a a ƙarƙashin tsarin mulkin da shi Luggan ya kafa. Da ya dawo ya rubuta labarin tafiyar a littafin Tafiya Mabuɗin Ilimi.

A wannan tafiyar ne kuma Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa ƙasashen Afirka ta Yamma lokacin samun mulkin kai. Imam ya ƙi sa hannu, ya sha suka daga jaridun Legas. Har gobe masana tarihi suna muhawara a kai. Wasu na ganin ya kare Arewa ne, wadda a lokacin take baya ƙwarai a ilimin boko. Wasu na ganin zamansa ma'aikacin jaridar gwamnati ne ya ɗaure masa hannu. Ko wanne ka ɗauka, abin da za ka riƙe shi ne: ranar da mutane suka fara sauraron alƙalaminka, daga ranar duk abin da ka rubuta, da wanda ka ƙi rubutawa, za a tambaye ka a kansa.

Daga waɗannan 'yan boko masu rubutu da muhawara ne aka samu waɗanda suka yi taron Zariya na 1948 tare da Dokta R.A.B. Dikko na Wusasa, wanda ya haɗu da irinsa na Kaduna aka samu Jam'iyyar Mutanen Arewa. Ita ce ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A shekarar ce kuma Imam ya bar kujerar edita, aka zaɓe shi ɗan majalisa. Daga baya ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Allah ya yi masa rasuwa a 1981.

DAGA TUKUR-TUKUR ZUWA KADUNA

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka gina masa ofisoshi da maɗaba'a a Tukur-Tukur, bayan ganuwa. Shi ya sa har yau in ka ce wa mai Keke ko ɗan acaɓa ya kai ka Gaskiya, ya san inda zai nufa, ko da bai taɓa ganin jaridar ba. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi Da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu: Bazazzaga ta lardin Zazzau, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Zumunta ta Bauchi. Kowacce tana buƙatar mai aiko da labari daga gari da ƙauye, kuma ta nan ma wasu suka koyi aikin. An rufe NORLA a 1959.

Ranar 1 ga Janairu 1966 aka fara buga New Nigerian a Kaduna, ta maye gurbin Nigerian Citizen, Gaskiya Ta Fi Kwabo ma ta koma ƙarƙashin wannan kamfani. Ko a nan al'adar ba ta sauya ba. Malam Adamu Ciroma, ɗan ƙasa na farko da ya zama editan New Nigerian, tarihi ya karanta a Jami'ar Ibadan. Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta zama editar Sunday Triumph a Kano sannan ta New Nigerian a shekarun 1980, kimiyyar siyasa ta karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. 'Yar uwa mai karanta wannan, ki riƙe sunanta.

Yau da wuya ka ga Gaskiya Ta Fi Kwabo a hannun mai sayar da jarida. Amma aikin jarida da Hausa bai mutu ba, faɗaɗa ma ya yi. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Amurka a 1979, Aminiya ta fito a 2006, ga gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu a kusan kowane babban gari. Dukkansu suna neman wanda ya iya rubuta Hausa mai tsabta, kuma abin da edita zai fara ce maka shi ne ka nuna masa abin da ka taɓa yi.

TO INA WAYARKA TA SHIGO?

Lissafa abin da Imam ya buƙata kafin rubutunsa ya isa ga jama'a: takarda, gidan waya, keken rubutu, injin ɗab'i, jirgin ƙasa da zai kai jarida larduna, da amincewar Bature. Duk wannan yanzu yana aljihunka, har da kyamara da rakoda a kai. Wanda ya jira makonni don ganin wasiƙarsa a jarida, da zai ga abin da kake riƙe da shi kana kallon bidiyon barkwanci kawai, da ya riƙe baki.

Sai dai akwai abu ɗaya da Imam yake da shi wanda wayarka ba ta zo da shi ba: mai gyara. Tsakanin alƙalaminsa da mai karatu akwai wanda zai ce wannan ba daidai ba ne, wannan ba naka ba ne, wannan a sake. Kai kuwa tsakaninka da dubban mutane dannawa ɗaya ce. Don haka ga matakan da za ka bi:

1. Ka sa wa kanka ranar fitowa. Gaskiya ta fara da sau ɗaya a wata. Kai ka ce duk Juma'a sai ka kammala rubutu ɗaya mai kalma 300 zuwa 500. Abin da ke raba ɗan jarida da mai sha'awar jarida shi ne cika lokaci ko da ba ya jin daɗin jikinsa.

2. Ka rubuta abin da idonka ya gani. Bar siyasar Abuja da yaƙin ƙasashen waje, akwai masu yi da yawa. Farashin masara a kasuwarku, famfon unguwarku da ya daina kawo ruwa, ɓangaren ganuwa da ake cinyewa da gini, tsohon maɗinkin da ya shekara arba'in yana aikin babbar riga: waɗannan babu wanda ya fi ka kusa da su. Ka je da ƙafarka, ka gaisa, ka nemi izini kafin ka kunna rakoda ko ka ɗauki hoto.

3. Kowane labari ya amsa tambaya shida: wa, me, ina, yaushe, me ya jawo, ta yaya. In ɗaya ta ɓace, ba ka gama ba. In labarin ya taɓa wani, ka neme shi ka ji ta bakinsa kafin ka fitar.

4. Ka nemi naka mai gyaran. Tsohon malaminka na Hausa, ko wani aboki da ba ya jin kunyar faɗa maka gaskiya. Ka tura masa kafin kowa ya gani. In ya ce a sake, ka sake. Wanda ya rubuta Magana Jari Ce ma an yi masa jan biro.

5. Kada ka kwafi na wani ka sa sunanka. Tun a 1930 da wani abu ana gane irin wannan, balle yanzu da bincike na daƙiƙa biyar zai tona ka. In ka ɗauko bayani daga wani, ka faɗi daga inda ka ɗauko.

6. Ka gyara rubutun Hausarka. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ masu lanƙwasa a zamanin su East aka daidaita su, kuma maɗaba'ar Zariya ce ta yaɗa su. Shiga saitin allon rubutu na wayarka, kamar Gboard, ka ƙara harshen Hausa, za ka same su. Akwai bambanci tsakanin ƙasa da kasa, da tsakanin ɗaki da daki, kuma edita da ya ga ka kiyaye wannan ya san da wanda yake magana. Ka kuma koyi raba kalmomi: "ya ce", "za ka", "shi ne".

7. Ka adana komai. Kowane rubutu ka sa masa kwanan wata, ka ajiye kwafi a ma'ajiyar intanet irin su Google Drive, domin waya tana faɗuwa, ana kuma sace ta. Bayan shekara ɗaya kana da rubutu kusan 50. Ka zaɓi biyar mafi kyau, su za ka miƙa ranar da dama ta zo.

8. Ka tuna dalilin da ya sa aka kafa Gaskiya: kashe jita-jita. Kada wayarka ta zama injin yaɗa ta. Kuma ka sani akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha kama 'yan jarida da sashe na 24 nata. Hujjar da ka adana, wato muryar da ka naɗa, hoton da ka ɗauka da takardar da ka gani, ita ce garkuwarka.

Wannan ba yana nufin ka bar makaranta ba fa. In ka samu gurbin karatun jarida a Samaru ko a wata makaranta, ka riƙe shi hannu bibbiyu, akwai dokoki da ƙa'idojin aiki da sai a aji za ka same su a tsare. Amma kada ka jira shi kafin ka fara. Ranar da za a kira mutum goma masu takarda iri ɗaya, wanda ya zo da rubutunsa a hannu shi za a fara saurare.

Idan kana Zariya, ko hanya ta biyo da kai, ka daure ka bi ta Gaskiya ka ga ginin da idonka. Sannan ka shiga birni ta Ƙofar Doka, ka sami wani dattijo a zaure ka tambaye shi ko ya tuna zamanin da ake karanta wa mutane jarida da ƙarfi, wa yake karantawa a unguwarsu, a ina ake zama. Ka naɗi muryarsa da izininsa, ka koma gida ka rubuta. Ka ga ka samu rubutunka na farko ke nan.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya sa albarka a alƙalaminku. Sai mun haɗu a darasi na gaba.